Muryar Iya a Babi na Bakwai

Zuwa ga Shugaban Ɗakin Karatu na Jama'a da ke bayan tsohuwar tashar mota, a garinmu.

Daga unguwar Ulaisha, birnin Riyad, ƙasar Saudiyya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Yallaɓai, ina gaishe ku tare da ma'aikatanku baki ɗaya, tun daga masu zama a teburin karɓar baƙi har zuwa mai gadi. Ina fatan kuna lafiya, iyali suna lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai. Yaya ruwa? An ce mana bana damina ta yi kyau a gida. Allah ya sa a girbe lafiya.

Sunana Nafisa, shekarata goma sha huɗu. Ba ku san ni ba, domin kawuna ya ce bayan tafiyarmu aka kawo ku wurin. Amma ni 'yar ɗakin karatunku ce, katina na aro yana nan a hannuna. Ku yi mini afuwa idan na yi kuskure a tsarin wasiƙar nan. Guda ɗaya na taɓa rubutawa, ita ma a jarrabawar aji shida ce. Ba ni da yawan magana, ko a aji ban cika ɗaga hannu ba, kuma da akwai hanyar da zan same ku ba tare da jama'a sun karanta ba, ita zan bi. Na gwada hanyoyi biyu ba su kai ni gare ku ba. Shi ya sa Baba ya ce in rubuta a fili, zai ba abokinsa ya sa a shafin 'yan garinmu na intanet, wataƙila wani ya nuna muku.

Abin da nake nema ƙarami ne a wurinku. Akwai wani tsohon naɗin murya na littafi ɗaya da kuka cire daga manhajarku ta waya, kuka ce za a share shi. A cikinsa akwai muryar kakata da ta rasu, kuma ba mu da muryarta a ko'ina sai nan. Ina roƙon kada a share. Ga yadda abin yake.

Na farko, wace ce Iya.

Duk wanda ya daɗe yana aiki a wurinku ya san Iya, ko da bai san sunanta na yanka ba. Ita ce tsohuwar da take soya ƙosai da yamma a jikin katangarku ta baya, ƙarƙashin darbejiya, daidai saitin tagar ƙaramin ɗakin da ake tara tsofaffin jaridu. Ita ta haifi Ummana. A wurinta nake zama idan na dawo daga makaranta, ina yaga mata takarda tana ƙunsa wa masu saye. Takardun ma daga wurinku suke fitowa, mai shara ne yake ba ta jaridun da aka gama da su. Ni kuwa ba na miƙa takarda sai na karanta abin da ke jiki, har mai saye ya gaji da tsayuwa, Iya ta fizge ta ce, "Ke, mutum yunwa yake ji, ba labarin gwamna ya zo saye ba."

Ta wannan tagar Malama Hajara, mai kula da ɓangaren yara, ta hango ni. Ran nan ta leƙo ta ce in zagayo in shigo ciki. Na ɓuya a bayan Iya. Iya ta turo ni da gwiwar hannu ta ce, "Tafi mana. Ƙosaina take ci, ba ta cin yara." Ranar Malama ta yi mini kati da hannunta, ta nuna mini kantar da zan riƙa ɗauka, ta ce idan na gama in mayar inda na ɗauko domin wani yana jira.

Yallaɓai, har yanzu idan na rufe ido ina ganin ɗakin nan. Tabarmar yara mai ja da kore wadda gefenta ya zare. Fankar da take juyawa tana ƙara kamar za ta faɗo, ba ta taɓa faɗowa ba. Ƙamshin tsofaffin littattafai da yake haɗuwa da ƙamshin man Iya idan iska ta juyo. Ranar Asabar Malama takan zauna a kan ƙaramar kujera ta karanta mana labari, ni ina can ƙarshen tabarma kusa da ƙofa. Idan ruwa ya sauko a kan kwano ba a jin komai, sai ta rufe littafin a kan yatsanta, mu yi ta kallon juna muna dariya har ya tsagaita. Ban taɓa yi wa Malama doguwar magana ba. Gaisuwa ce kawai, sai "na gama wannan". Amma ta san irin littafin da nake so, takan ɓoye mini shi a ƙarƙashin teburinta.

A shekarata ta ƙarshe a firamare aka ce za a sa littattafanku a waya, na karantawa da na saurare. Aka ba Malama wata 'yar na'urar naɗar murya. Bayan la'asar, idan mutane sun ragu, sai ta shiga ɗakin jaridu ta rufe ƙofa, ta rataya tsohon bargo a taga, ta yi ta karatu ita kaɗai. To lokacin ne kuma Iya take hura wuta. Bargo ba ya tare muryar Iya. Sau da yawa Malama takan ɗaga gefen bargon ta yi mini alama da hannu, in je in ce wa Iya ta ɗan rage murya. Iya takan ce, "To, na rage. Saura ki je ki gaya wa akuyar gidan mai faci, ita ce ba ta jin magana." Ta yi shiru kaɗan, can kuma ta manta.

Na biyu, tafiyarmu da rasuwarta.

Baba direba ne a wani kamfani da ke unguwar Ulaya, a nan Riyad. Ya daɗe a nan shi kaɗai. Da na gama firamare Allah ya sa takardu suka yiwu, ni da Umma muka biyo shi. Muna zaune a hawa na biyu na wani tsohon gida a Ulaisha, ba nisa da kasuwar Batha. Alhamdu lillahi, ba mu rasa ci ba, ba mu rasa sha ba, ba kuma ƙorafi nake yi da ƙasar mutane ba. Sai dai zaman ba irin na gida ba ne. Babu tsakar gida. Ƙofa a rufe take wuni, taga a rufe saboda zafi, ba abin da ake ji sai ƙugin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Ba mai sallama ya shigo ɗiban wuta, ba kukan akuya, ba mai talla. Baba yana fita da sassafe, ni ina tafiya makaranta inda komai da Larabci ake yi, Umma ta rage ita kaɗai. Larabcinta bai wuce na salla da na sayen tumatir a kantin ƙasan bene ba, boko kuma ba ta yi ba.

Iya ba ta son waya. Idan Kawu Sani, ƙanen Umma, ya kira ya miƙa mata, abin da take cewa bai wuce, "Kuna lafiya? Yarinyar tana cin abinci? To, madalla, ga Sani." Saƙon murya kuwa ta ƙi shi sam. Ta ce ita ba za ta zauna tana surutu ita kaɗai kamar wadda ta taɓu ba, idan mutum yana son jin ta ya zo ya zauna. Muna dariya. Ba wanda ya kawo a ransa ya naɗi kiran nan, domin ba wanda ya san gajere ne lokacin.

A daminarmu ta biyu da barin gida Iya ta kwanta ciwo na 'yan kwanaki, Allah ya karɓi abarsa. A lokacin kuwa, iƙamar Baba, wato takardar izinin zama, tana wurin sabuntawa, tamu kuma a jikin tasa take, ba halin fita. Kafin takarda ta fito an daɗe da yin sadakar bakwai. Umma ba ta ga gawar mahaifiyarta ba, ba ta zauna zaman makoki da 'yan'uwanta ba. A waya aka yi mata gaisuwa. Ba ta yi kuka mai yawa a gabanmu ba. Ta daina kunna rediyon waya, ta daina yi mini tsiya idan na ƙona shinkafa. Takan dafa abinci ta zuba mana, ita ta ce ta ƙoshi. Zobenta ma sai da ya fara zamewa daga yatsa. Baba ya kai ta asibiti aka ce ba a ga komai ba.

Na uku, yadda muka ji ta.

Ni don kaina na buɗe manhajarku. Na lura idan zan yi tunani Larabci yana riga Hausa zuwa, abin ya ba ni tsoro. Na tuna Malama ta ce lambar da ke jikin kati ita ce mabuɗi, ko ina mutum yake. Na sa lambar a wayar Umma ban yi zaton za ta yi ba, sai ga sunana ya fito, ga littattafai a jere da hotunan bangonsu, waɗansu har na gane inda suke zama a kan kanta. A nan dole in gode muku. Wanda bai yi nisa da gida ba ba zai san girman wannan abu ba. Yarinya tana Riyad ta ari littafi a garinsu ba ta taka ko'ina ba, ba ta biya komai ba.

Na fara da na karantawa, daga baya na koma na saurare saboda in riƙa ji ina aiki. Na farkon da na buɗe, sai muryar Malama Hajara. Na tsaya da soso a hannu ina saurare. Littafin shi ne labarin mai kwale-kwalen nan da 'ya'yansa mata uku, mai shuɗin bango. Sunansa da lambar katina suna cikin saƙon da na aiko ta manhaja.

Wata ranar Alhamis bayan la'asar ina wanke-wanke, wayar tana kan taga, Umma tana kwance a ɗaki ƙofa a buɗe. Aka shiga babi na bakwai. Malama tana karanta inda babbar 'yar take ɗinke ragar kamun kifi, sai daga can baya aka ji faɗuwar murfin kwano, aka ji wata murya ta ce, "Ke! 'Yar banzar akuya, gidan ubanki ne nan?" Sai dariya, irin dariyar Iya mai ƙarewa da tari. Sai ta ce wa wani, "Ɗan jira kaɗan, ɗana, man bai yi zafi ba." Malama ta ɗan tsaya, ana jin tana danne tata dariyar, sannan ta ci gaba da karatu.

Shi ke nan abin da ke ciki. Bai kai tsawon karanta Fatiha ba.

Ban juya ba sai na ji Umma a bayana. Ko ɗankwali ba ta ɗaura ba. Ta ce, "Mayar." Na mayar. Ta ce, "Ƙara." Na ƙara. Ta zauna a ƙasan kicin ta jingina da firji, ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka kira mu. Da ta gama ta share fuska, sai kuma ta yi dariya ta ce, "Akuyar nan ta gidan mai faci ce, na san ta. Ta fi shekara tana cin amanar Iya." Ranar ta ci tuwo tare da mu. Da Baba ya dawo aka sa masa, ya cire hula ya riƙe a hannu har aka gama, ya yi wa Iya addu'a.

Na huɗu, zaman layi.

Kun fi ni sanin ƙa'idarku, amma zan faɗe ta domin masu karantawa. Littafin waya ma aro ne, kamar na takarda. Mako biyu ake ba mutum. Idan sun cika ba sai ka mayar ba, shi yake mayar da kansa, ka duba ka ga babu. Kuma kwafi ɗaya mutum ɗaya: idan yana hannun wani sai ka shiga layi, manhaja ta nuna maka mutum nawa ne a gabanka, ranar da ya zo kanka ta aiko maka saƙo. Da na yi wa Umma bayani ta jinjina kai ta ce, "Kayan aro mai mayar da kansa. Da haka turmina yake da ban yi faɗa da kowa ba a unguwa."

Haka muka riƙa yi. Ya zo, mu saurara, ya koma, in sake shiga layi a ranar. Wani lokaci mutum biyu ne a gabanmu, wani lokaci biyar. Umma takan yi wa waɗanda ke gabanmu faɗa ba ta san su ba, ta ce wane irin mai nawa ne wannan, littafi ɗaya sai ya cinye kwanakinsa duka. Idan saƙo ya shigo kuwa ranar kamar an yi baƙo daga gida. Ba ta yarda a tsallaka zuwa babi na bakwai. Ta ce ba a shiga gidan mutane ta katanga, daga farko za a fara, a iso wurin a hankali.

Maƙwabciyarmu ta hawa na uku, Tanti Mariyama, mutuniyar Maraɗi ce, tana aikin shara a wani babban kanti a Ulaya. Ita ta fara saukowa ranar hutunta, daga baya ta jawo waɗansu mata biyu 'yan Damagaram. Sai ya zama duk Juma'ar da littafin yake hannunmu, bayan an sauko daga masallaci ɗakinmu ya cika, ana tsintar shinkafa ko ana kitso, waya tana cikin kwanon silba a tsakiya don murya ta ƙara fita. Su ba su san Iya ba, ba su taɓa zuwa garinmu ba. Amma akwai babin da ruwa yake sauka a kan kwano Malama tana ɗaga murya, akwai inda zakara ya yi cara ba lokacinsa ba, akwai mai babur da yake ta fama babur ya ƙi tashi. Tanti takan ɗaga hannu ta ce, "Tsaya, 'yar nan, mayar mini da ruwan nan." A mayar, kowa ya kasa kunne. Ɗaya daga cikin 'yan Damagaram ta ce rabonta da jin ruwa a kan kwano tun kafin ta haifi ɗanta na fari, yanzu kuwa ya fi ta tsawo. Idan an zo wurin akuya dukansu suke haɗa baki su faɗa tare da Iya, Umma tana cewa, "Ku bar ta ta faɗa da kanta mana!"

Tanti Mariyama ta sha ba mu shawara. Ta ce a kawo wayarta a ajiye kusa da tamu a naɗe wurin, magana ta ƙare, a huta da layi. Umma ta tambaye ni ko an yarda. Na karanta mata abin da kuka rubuta a ƙa'idar aro, cewa ba a kwafa, ba a naɗa, ba a rarrabawa. Umma ta ce to ba za a yi ba. Tanti ta ce, "Haba, wa zai gan ki a nan, a bene na biyu a Riyad?" Umma ta ce ba maganar gani ba ce, kayan aro amana ne, kuma yarinyar nan da sunanta aka ba da. Umma ta ƙara da cewa, "Ɗakin karatu ba gudu zai yi ba. Tun ina budurwa yake wurin." Ni ma haka na ɗauka. A saninmu abin da aka ajiye a ɗakin karatu ya ajiyu ke nan.

Na biyar, abin da ya faru.

Bayan Babbar Sallar da ta wuce layi ya zo kanmu. Matan suka taru, na buɗe littafin. Sai muka ji muryar wani saurayi. Na ɗauka kuskure na yi, na fita na sake shiga. Bangon shi ne, sunan shi ne, murya ce ba ita ba. Na tsallaka babi na bakwai, karo na farko da na yi haka. Babbar 'yar tana ɗinke raga, saurayin ya karanta ya wuce sumul. Ba murfin kwano, ba akuya, ba kowa a bayansa. Tanti ta ce, "Wannan a cikin firji ya yi karatun?" Ba wanda ya yi dariya.

A shafin farko na manhaja na ga sanarwarku. Kun ce kuna farin cikin shaida wa masu aro cewa an sake naɗar littattafai da ingantacciyar murya, an maye gurbin tsofaffin da suke da hayaniya, kuma za a cire tsofaffin daga ma'ajiya kafin ƙarshen shekara domin a sami wuri.

Yallaɓai, ba na cewa kun yi mugun abu. Saurayin ya iya karatu, ba ya tuntuɓe, kuma na san ɗalibi mai shirin jarrabawa ko makaho mai son jin kowace kalma zai fi son nasa. Na san kuma ba wanda ya zauna ya ce bari a ɓata wa wasu mata rai a Ulaisha. Wanda ya saurari tsohon naɗin a ofis, abin da zai ji shi ne aiki bai yi tsabta ba. Amma abin da sanarwarku ta kira hayaniya, kakata ce. Ku da kuke gida kuna jin irin wannan ta taga kullum, har ya ishe ku. Mu a nan layi muke shiga mu jira shi. Kuma ba a tambaye mu ba, ba a yi mana gargaɗi ba. Da an sanar tun kafin a canza, da aƙalla mun zauna mun saurara mun san na ƙarshe ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da mun karya ƙa'idarku da yanzu muryar tana hannunmu. Mun bi ta, shi ya sa muka rasa. Tanti ba ta taɓa ce wa Umma "ai na gaya miki" ba, Allah ya saka mata. Amma ni ina ganin bai kamata wanda ya riƙe amana ya fi kowa asara ba.

Na shida, inda muka nema.

Na rubuta a wurin saƙo na manhaja sau biyu. Amsa iri ɗaya ta dawo nan take, cewa an gode da ra'ayina. Kawu Sani ya rufe shagon ɗinkinsa ya zo wurinku. Aka ce masa Malama Hajara ta yi ritaya ta koma garin da 'yarta take aure, na'urar kuma ta mayar tun da daɗewa. Mai kula da kwamfuta ya karɓe shi da mutunci, ya ce tsofaffin naɗin ba sa hannunsu, suna wurin kamfanin da yake gudanar muku da manhaja, kuma ba mai iya nemansu sai da sa hannun Shugaba. Kawu ya nemi ganinku aka ce kuna taro. Ya koma wani mako aka ce kun yi tafiya. Ba na zargin kowa, na san kuna da aiki. Sai dai shekara tana tafiya.

Umma kuwa ta fahimci abin yadda ta fahimta. Na yi mata bayani, amma a wurinta kwafi biyu ne: sabon yana kan kanta, tsohon wani ne ya ara bai dawo da shi ba tukuna. Duk Juma'a da safe takan miƙo mini waya ta ce, "Duba mana, mutum nawa ne a gabanmu?" In ce mata ba layi ba ne, Umma, cirewa aka yi. Ta ce, "To ai wanda ya cire zai mayar." Matan sun daina saukowa sosai. Umma ta fara rage cin abinci kuma, Baba yana lura, ni ma ina lura.

Saboda haka, Yallaɓai, ga roƙona.

Ɗaya. Ku sa hannu a takardar da za ta hana kamfanin share tsohon naɗin littafin nan, tun kafin lokacin da kuka ɗiba ya cika. Wannan shi ne na gaggawa, sauran za su iya jira.

Biyu. Idan zai yiwu, ku mayar da shi manhaja kusa da sabon, a rubuta a jiki cewa tsohon karatu ne na Malama Hajara, mai so ya zaɓa. Ba mu ƙi layi ba, mun saba. Idan wuri ne babu, ku ba mu izini a rubuce, a tura wa Kawu Sani babi na bakwai kaɗai. Na yi alkawari ba za mu rarraba ba, ba za mu sa a ko'ina ba.

Uku. Kafin a share sauran littattafan da aka naɗa a ɗakin jaridu, a ba mutanen gari dama su saurara. Ba Iya kaɗai ce take wucewa ta bayan tagar nan ba. Akwai masu saye, akwai yara, akwai ladanin masallacin tasha. Ban sani ba ko wani yana da nasa a ciki bai sani ba.

Huɗu, kuma wannan ya fi mini wuyar rubutawa. Idan an riga an share, don Allah kada a ce mana ana dubawa. Ku gaya wa Kawu gaskiya, shi zai gaya mini. Na fi so in sani. Ni ce nake riƙe wayar duk Juma'a, ni ce kuma zan zauna kusa da Umma in gaya mata cewa babu kowa a gabanmu, kuma ba mai dawowa da shi. Ban san yadda zan fara ba, amma gara ta ji daga bakina da ta yi ta jira.

Allah ya taimake ku a kan aikin da aka ɗora muku, ya ba ku lafiya da ma'aikata na gari, ya sa ɗakin karatun nan ya daɗe yana amfanar na gida da na nesa. Allah ya saka wa Malama Hajara da alheri a duk inda take. Idan iyayenku suna raye Allah ya ƙara musu lafiya ya bar ku tare, idan sun riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu, ya haɗa da Iya.

Ina jiran amsarku, kowace iri ce.

Wassalamu alaikum.

Taku cikin girmamawa,
Nafisa, jikar Iya mai ƙosai,
Ulaisha, Riyad.